Ana Sallama da Likita

A shekarar da cutar sanƙarau ta addabi Kano, cikin tsananin zafin bazara, wata Talata da hantsi Luba tana tsakar gida tana tankaɗe sai ta ji ƙarar keken mijinta a zaure. Ta ajiye rariya. Tun da aka kawo ta gidan nan na Soron Ɗinki ba ta taɓa ganin Malam Isyaku ya baro asibiti kafin la'asar ba, balle yanzu da ake ta kawo marasa lafiya ana shimfiɗe su har a gindin bishiyoyi.

Ya shigo yana jan ƙafa, farar rigar aikinsa a naɗe a hammata, ya wuce ɗaki ya zauna a bakin gado. Ta ɗebo masa ruwan randa a kwanon sha. Ya karɓa da hannu biyu, amma kafin kwanon ya kai bakinsa rabin ruwan ya zube masa a ƙirji.

"Kin gani ko?" in ji shi. "Abin da babban likita ya gani ke nan yau."

A takarda Isyaku mataimakin likita ne, amma daga Soron Ɗinki har Gwammaja babu mai kiransa da wani suna sai Likita. Shi ne mai ɗinke rauni a ɗakin tiyata, kuma an san hannunsa: in ya ɗinke maka goshi, sai ka nuna wa mutum wurin kafin ya gane. To, a safiyar nan yana cikin ɗinke kan wani da jaki ya harba, allura ta suɓuce masa, ya ɗauka, ta sake suɓucewa. Babban likita, wani Bature mara yawan magana, ya karɓi aikin ya ƙarasa, sannan ya ja shi gefe. Ya ce masa ya tafi gida ya ci abinci ya yi barci, kada ya taɓa jikin kowa har ƙarshen wata. In ya dawo hannun ya tsaya, ya koma kan aikinsa. In bai tsaya ba, sai dai sito, wurin wanke kwalabe da naɗe bandeji, domin shi ba zai bar hannu mai rawa ya riƙe allura a kan mutum ba.

"Ya ce ba wata cuta ba ce, gajiya ce ta taru ta yi mini yawa," in ji Isyaku. "Barci ne maganin."

"To ai da sauƙi, Malam," in ji Luba. "Barci ai ba saye ake yi ba." Ta faɗa tana murmushi, har cikin ranta ta ji daɗi. Ta manta gidan da take.

Gidan kuwa a hannun Malam Nata'ala yake, yayan Isyaku, wanda ya gaji zauren ubansu da maɗinkan da ke cikinsa. Manyan riguna ake yi wa aiki a zauren, aska takwas da aska biyu, kuma Nata'ala ya san sana'arsa. Da ya ga hannun maɗinki ya fara nauyi, sai ya ce masa ya ajiye allura ya je ya miƙe, kada ya ɓata masa riga. Amma da maɗinka sun tashi da la'asar, sai zauren ya koma asibiti. Mai maruru, mai gyambo, mai tari, da wanda ya sayo ruwan allura a kanti yana neman mai yi masa, duk sun jeru a kan dakali kafin Isyaku ya jingine kekensa. Nata'ala ba ya karɓar ko anini, wannan kam a faɗi gaskiya. Abin da yake karɓa ya fi masa kuɗi daɗi: gaisuwa a masallaci, da "Allah ya ƙara girma" a bakin hanya. Wasu masu gida goro suke raba wa baƙi, shi ƙanensa yake rabawa.

Ranar ma ba a fasa ba. La'asar na yi, Isyaku yana kwance, muryar Nata'ala ta ratso soron ciki ta faɗo tsakar gida.

"Ana sallama da Likita!"

Isyaku ya tashi ya sa hula. Luba ta bi bayansa ta raɓe a bayan ƙofar soro, inda matan gidan ke tsayawa in suna son jin abin da ake yi a zaure. Ta ji ya gaida yayansa, ya yi masa bayani da murya ƙasa-ƙasa.

"Hutu?" in ji Nata'ala. "Kai, alhamdu lillahi! Da ma mutane suna ta ƙorafi ba sa samunka da safe."

"Yaya, cewa aka yi kada in taɓa kowa."

"Wa ya ce? Nasaran? A asibitinsa yake da iko, nan gidan ubanmu ne. Lokacin da na kai ka makarantar boko babu zagin da ban sha ba a unguwar nan, har cewa aka yi na sayar da kai. Yanzu da Allah ya sa abin ya yi albarka, sai in ce musu Bature ya hana? Ga surukina nan tun azahar yake zaune da maruru a wuya. Abu ne fa na yanzu-yanzu."

Luba ta kasa kunne tana jiran ta ji mijinta ya ce a'a. Abin da ta ji shi ne, "To, Yaya." Sai ga shi ya shigo neman ruwan zafi da tsumma mai tsabta, bai yarda sun haɗa ido ba.

Washegari da ta kawo masa koko ta kasa haƙuri. "Malam, me ya hana ka ce masa ba za ka iya ba?"

"Yaya ne fa, Luba. Tun da na yi wayo ban taɓa ce masa a'a ba, ban ma san ta inda ake farawa ba. Kuma in mutum ya kwance ciwonsa a gabanka, da wane baki za ka ce ya mayar ya ɗaure?"

"Da bakin da za ka yi wa babban likita bayani ƙarshen wata," in ji ta. Ya ci gaba da kokawa da ludayi.

Kafin mako ya zagayo labarin hutun ya gama unguwa. Da can da la'asar ake zuwa, yanzu ana idar da sallar asuba ake fara sallama. Masu ciwon gaske ba su fi a ƙirga ba, domin mai sanƙarau asibiti ake rugawa da shi. Sauran duk irin waɗanda suka ji banza ta faɗi ne: mai yawan gyatsa, mai ƙaiƙayin tafin ƙafa, mai son a taɓa masa ciki a ce lafiya lau. Har wani ya jawo ragonsa wai ya ƙi cin dusa. Hannun Isyaku kuwa, maimakon ya lafa, sai ya ƙara. Luba ta ga abin ba na wasa ba ne, ta yi ta maza ta nufi ɗakin surukarta.

Iya 'Yardada, mahaifiyar su Isyaku, tana zaune tana kaɗi. Luba ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe ta, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta roƙi a taimaka a yi wa Yaya magana, a bar Malam ya huta.

Iya ko ɗaga kai ba ta yi daga mazarinta ba. "Hutun me? Ubansa har ya koma ga Allah bai san wani abu wai shi hutu ba. Marina suna wuni a karofi rana tana dukansu, maƙera suna gaban wuta, babu wanda ya ce ya gaji. Sai shi da yake aiki a inuwa cikin farar riga? Ku yaran yanzu ku kuke sangarta mazajenku. Gajiya ai ba ciwo ba ce."

Nan Luba ta ga kamar ta samu hanya, ta kuwa bi ta ba tare da ta duba inda za ta ɓulle ba. "Iya, ai ciwon ne. Babban likita da kansa ya sallamo shi. Hannunsa rawa yake, ko ruwa ba ya iya kaiwa baki."

Mazari ya tsaya. "Ba shi da lafiya? Ɗana ba shi da lafiya a cikin gidan nan, shi ne aka rufe ni?" Iya ta dafa ƙasa ta miƙe tana salati, ta sa aka kira mata Nata'ala. Luba tana jiyo faɗan daga ɗakinta. A ranar aka sallami mutanen da ke kan dakali, aka ce Likita ba ya jin daɗi. Washegari Isyaku ya yi barci tun bayan asuba har rana ta take, baki a buɗe, ko juyi bai yi ba. Luba ta hana kowa daka, ta kora kaji can wajen rijiya, tana tafiya da sanɗa tana yaba wa kanta a zuci. Ta ɗauka ta yi dabara.

Abin da ba ta kawo a ranta ba shi ne, a wannan rana Tani mai kitso ta zo wurin Iya, kuma abin da ya shiga kunnen Tani da safe, kafin magariba ya kai Ƙofar Mazugal. Likita ba lafiya! Mutumin da ya yi wa unguwa wahala shekara da shekaru yana kwance, wane mara mutunci ne zai ƙi zuwa dubiya?

Liman ne ya fara zuwa da jama'arsa. Su kam sun yi addu'a sun tashi. Amma tun da maza ba sa shiga cikin gida, Nata'ala ya sa aka shimfiɗa tabarma da matashi a soro, aka fito da mara lafiya inda za a gan shi. Daga ranar soron ya zama ɗakinsa. Shi kuwa Nata'ala ya ɗauko rigarsa ta zuwa Juma'a ya sa, ya kafa kujera a bakin zaure, duk wanda ya zo sai ya lissafa masa manyan da suka riga shi zuwa.

Luba tana ji daga bayan ƙofa. Duk tafiyar iri ɗaya ce.

"Sannu, Likita. Ya jikin?"

"Da sauƙi."

"Allah ya sawwaƙe, Allah ya sa kaffara ne."

"Amin, na gode."

Sai mai dubiya ya gyara zama kamar zai tashi, har ya laluba takalmi. Sannan ka ji, "Af, tun da Allah ya kawo ni, ɗan duba mini ƙafar nan. Ba sai ka tashi ba, daga kwancen ma ya isa." Sai a naɗe wando a miƙo masa gyambo dab da fuska.

Mata kuwa ta cikin gida suke biyowa, da kwanon kunu ko ƙwan zabi a hannu, da goyo a baya. Su gaida Iya, su ce a yi musu iso su yi wa Likita sannu. Kafin a gama sannun an kwance goyo. Wata Hauwa, 'yar ƙanwar Iya, ta zo da 'ya'yanta kaf ta jera masa su, wannan kunne, wannan ido, wannan ba ya cin tuwo. Ita kanta Iya, in ta zo ta zauna kusa da shi ta tofa masa addu'a, ba ta tashi sai ta miƙe ƙafa ta ce, "Tun da kana zaune, ɗan taɓa gwiwar nan ka ji." Da can mai jin nauyi yakan haƙura ya tafi asibiti. Yanzu babu nauyin da za a ji, ga lada ga biyan bukata. Masu zuwa duba Isyaku sun ninka masu zuwa ya duba su, kuma kowa da ciwonsa yake tafe.

Ran nan da azahar ya samu ya ɗan runtsa, sai ga wata tsohuwa. Luba ta tare ta a tsakar gida ta ce barci yake, ta yi haƙuri ta dawo gobe. Tsohuwar ta fita tana tafa hannu. Ba a jima ba Iya ta ƙwala wa Luba kira.

"Ke, a gidanku haka ake yi? A zo dubiya a kori mutum? So kike ki sa mu a bakin duniya, a ce ɗanmu ya yi boko mun fi ƙarfin gaisuwa? Addu'ar mutanen nan ai ita ce maganinsa."

"Allah ya huci zuciyarki, Iya," in ji Luba. Ta koma madafa ta huce a kan tukunya, ta yi ta kankararta har ta kusa huda ta.

Isyaku ya soma ramewa. Tuwo yadda ta kai masa haka take ɗauke shi, sai ɗan gefen da ya gutsura. Ko an yi sa'a soron ya zama babu kowa, barcin ba ya zuwa, sai ya kwanta ido biyu yana kallon azara. Wani lokaci ya zabura ya laluba hula ya ce, "Ana sallama," alhali babu kowa sai tattabaru. Mutumin da a da in ya shigo gida sai ya tsokani kowa, har Iya ba ya ƙyalewa, yanzu sai a wuni ba a ji muryarsa ba in ban da "da sauƙi". Wata safiya Luba ta same shi a gindin rijiya da buta, ya wanke hannu ɗaya ya tsaya, hawaye suna zuba, shi kansa bai san suna zuba ba.

"Malam, lafiya?"

"Luba," in ji shi, "da, in na ga mutum cikin ciwo har cikin cikina nake ji. Yanzu a nuna mini gyambo, a nuna mini itace, duk ɗaya ne. A asibiti yara sun yi ta mutuwa a hannuna da wuya a sanƙare, ina rufe wannan ana miƙo mini wancan, ban samu na yi kukan ko ɗaya ba. Jiya da Hauwa ta miƙo mini jaririnta, wallahi ji na yi kamar in tashi in yi ta gudu, in fita ta Ƙofar Mazugal kada in waiwayo. Wane irin mutum na zama?"

"Mutumin da ya gaji," in ji ta. "Ka tafi ƙauye wurin gwaggonka, ka yi kwanakin da suka rage a can. Babu wanda ya san ka da allura."

Shawarar ta shige shi, har ta ga fuskarsa ta ɗan saki. Da la'asar ya tunkari yayansa da maganar.

"Subhanallahi!" in ji Nata'ala. "Mara lafiya ya bar gidan ubansa ya tafi ƙauye? Ai sai a ce mun kasa jinyarka. Me ka rasa a nan, ƙwai ne babu ko kunu? Kwance fa kake, Isyaku, a kwance kake wuni, wane hutu ne ya wuce wannan? Kuma gobe Alhaji Ɗanjuma na Gwammaja zai zo duba ka, mutumin da rabin rigunan zauren nan nasa ne. In ya zo in ce masa me?"

Alhaji Ɗanjuma ya zo, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Ya yi sannu, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya zaro 'yar kwalbar allura daga aljihu. Ya ce tun da ya zo, ciwon baya ya dame shi, kuma shi bai yarda da hannun kowa ba sai na Likita. Isyaku ya dubi yayansa. Nata'ala ya kau da kai, ya ɗaga murya ya ce a dafa sirinji. Luba ce ta dafa, ta miƙo ta bayan ƙofa tana jin kamar ta wurga shi rijiya. Ba ta ga abin da ya faru ba, ƙarar kawai ta ji: kwalbar ta faɗi ta tarwatse a daɓe. Can Alhaji ya ce babu komai, Allah ya ba da lafiya, ya tattara babbar rigarsa ya fita.

Luba ta ce a ranta, to yau dai sun gani da idonsu. Sun gani kuwa, amma ba abin da ta gani ba. Nata'ala ya shigo wurin Iya yana huci, ya ce wannan ba ciwon Allah da Annabi ba ne, jifa ne, abokan aikinsa ne suke baƙin ciki da shi. Iya ta ce da ma ta raya haka a ranta. Aka shiga neman taimako ba ji ba gani. Aka turara shi da hayaƙi har yana shaƙewa, aka ɗura masa jiƙe-jiƙe masu ɗaci, aka kira wanzami ya yi masa ƙaho a kafaɗu. Wanzamin ma da ya gama ya wanke ƙahonninsa, sai ya gyara murya ya ce, "Likita, tun da ga ni ga ka, wani tari ne ya hana ni sakat." Labarin jifa kuma ya fi labarin ciwo gudu, waɗanda suka riga suka zo dubiya suka sake dawowa jaje. Gidan ya yi wa Isyaku komai, ban da abu ɗayan nan da aka ce a yi masa.

Ƙarshen wata ya zo. Isyaku ya yi wanka, Luba ta miƙa masa farar rigar da ta wanke ta goge. Ya kama keke, ya ga ba zai iya riƙe kan keken ba, ya jingine shi ya tafi a ƙasa. Luba ta kasa taɓuka komai a gidan, ta ɗora tukunya ta zauna tana jira, sai daga baya ta lura ba ta hura wuta ba.

Kafin azahar ya dawo. Babu farar riga a hammatarsa. Ya wuce ɗaki ya zauna.

"Ya ba ni allura da zare," in ji shi. "Ya jira ni, Luba, bai gaggauta ni ba. Har taga ya buɗe mini don in samu haske." Ya dubi hannunsa. "Sito. Daga gobe."

Nata'ala ya shigo har ƙofar ɗakin, abin da bai saba ba. Luba ta ja mayafi ta juya fuska bango, yadda matar ƙane take yi. Ya ji bayani, ya yi salati, ya yi tsaki, ya zagi mahassada. Sannan ya rage murya.

"To, kada wanda ya ji wannan magana. A waje kai Likita ne, haka kuma za ka ci gaba da zama. In ma ka duba, wata rahama ce. Aikin sito ba shi da wahala, da wuri za ka riƙa dawowa, ka ga mutanenmu sai su..."

Bai ƙarasa ba aka rafka sallama a zaure, irin wadda mai ita ba ya jiran amsa. Nata'ala ya fita da sauri, sai ga muryarsa ta dawo. "Ana sallama da Likita! Maza!"

Isyaku ya miƙe. Luba ta bi shi, wannan karon kuma ba ta tsaya a bayan ƙofa ba.

Ɗan garuwan unguwar ne a tsaye a tsakiyar zaure, da 'yarsa a kafaɗa. Ta faɗo daga kan katanga, goshinta ya tsage har gira, jini ya jiƙe masa riga. Maɗinka duk sun tsaya da allurai a hannu.

"Likita, ka taimake ni don Allah," in ji mutumin. "An ce duk Kano babu mai hannunka. Mace ce, kada fuskar ta lalace."

Isyaku ya durƙusa ya duba raunin. Luba ta ga fuskarsa ta canja, ta ga mijinta na da ya ɗan dawo. Irin aikinsa ne, wanda a da zai gama kafin yarinyar ta gama kuka. Ya danne wurin da tsumma, ya ɗaga hannunsa na dama ya dube shi. Kowa a zauren ya dube shi. Yatsun suna karkarwa kamar na mai zazzaɓi.

"Danne nan da ƙarfi," ya ce wa uban, "ka ruga da ita asibiti. Ni ba zan iya ba."

Mutumin ya tsaya kamar bai ji ba, sannan ya sungumi 'yarsa ya fita a guje.

"Haba, Isyaku," in ji Nata'ala. "Ko ɗan ƙoƙari? A gaban mutane?"

Luba ba ta taɓa yi wa yayan mijinta magana ba in ban da gaisuwa, ita ma a durƙushe, ta bayan ƙofa. Sai ta ji bakinta ya buɗe da kansa.

"Yaya, ka gafarce ni. Kullum ina jin ka daga ciki. In hannun ɗaya daga cikin mutanen nan ya yi nauyi, cewa kake ya ajiye allura ya je ya huta, kada ya ɓata maka riga. Riga fa, Yaya! Shi wannan mutane yake ɗinkewa. Barci kawai aka ce ku bari ya yi, ba a ce ku saya masa komai ba. Kun rabar da shi a kan gyatsa da ciwon baya, yau ga mai bukatar gaske ta zo, babu abin da ya rage a ba ta. An cire shi daga ɗakin tiyata, kowa ya ji, ni na faɗa. Babu likita a gidan nan. Kun cinye shi."

Wani dattijo cikin maɗinkan ya soke allurarsa a jikin riga ya sunkuyar da kai. Iya 'Yardada, da ta biyo hayaniya, tana tsaye a ƙofar soro da hannu a baki, kuma ba Luba take kallo ba. Isyaku ya koma kan dakalin cikin zauren, inda masu jiransa suke zama, ya ɗora hannuwansa a gwiwa. Jinin yarinyar yana jikinsu, suna ta rawa.

Can sai ga wata murya daga waje, ta wani da bai san abin da ake ciki ba.

"Salamu alaikum! Ana sallama da Likita, mun zo dubiya."

Isyaku ya yunƙura zai tashi, don jikinsa ya riga ya saba. Luba ta dafa kafaɗarsa a gaban kowa, ya koma ya zauna. Nata'ala ya buɗe baki zai amsa, idonsa ya sauka a kan hannuwan ƙanensa, ya mayar da bakin ya rufe. Mai sallama ya yi ta yi har ya gaji ya tafi.

A ranar Isyaku ya yi barcin da aka ce ya yi tun farko, babu wanda ya tashe shi sai ladan. Washegari ya tafi wanke kwalabe.